'Yar Fari da Kek ɗin Asabar

Ni ce 'yar fari a gidanmu, amma ban zauna da mahaifiyata ba sai da na fara zama budurwa. Kai ni yaye aka yi Zariya, wurin kakata ta wajen uba, yayen bai ƙare ba. Inna muke ce mata. A ɗakinta na yi wayo, ita ta sa ni makaranta, ita ta koya mini tuƙa tuwo tun ina hawa kan turmi kafin in kai bakin tukunya. Iyayena kuwa wasu mutane ne masu ƙamshi da ke zuwa da sallah a mota, su kawo atamfa da madarar gwangwani, su ɗan kwana biyu su koma Abuja.

Da Inna ta rasu ban yi kuka ba. Ba jarumta ba ce, kukan ne kawai bai zo ba. Mata suna shigowa gaisuwa, su kama ni su fashe da kuka a kafaɗata, ni kuwa ina kallon takalman da suka tara a bakin ƙofa ina tunanin wa zai share tsakar gida. Wata ta ce yarinyar nan taurin zuciya gare ta. Wata ta ce a bar ta, zai zo mata. Na jira shi, shiru.

Bayan sadakar bakwai Baba ya ce in haɗa kayana. Muna zaure sai Gwaggo, yayar Baba, ta biyo mu tana gyara mayafi ta ce, "Ku tafi da ita ta sha iska, ta ƙarasa shekarar karatun nan a wurinku. In an yi dogon hutu zan zo mu yi magana."

Kowa a zauren ya san maganar da za a yi. Inna ce ta riƙe ni, Inna ta tafi, babbar 'yarta ce za ta gaji riƙon. Ke nan zamana a Abuja na aro ne, sai fa in mahaifiyata ta buɗe baki ta ce ba ta yarda ba. Na ji duk wannan, na shiga mota na zauna, ban ji komai a raina ba.

A Garki muke, Area 3, cikin gidajen nan na ma'aikatan gwamnati, hawa na biyu. Shekarun da soja suka koma bariki ne, albashi ya ɗaga, kowa ya samu bakin magana. Ba a wata guda wani bai shigo da sabon abu ba a benenmu, wannan mota, wancan firij, wancan janareto, wayar salula kuwa ta fara zama ruwan dare. Da safe in ka leƙa bola kwalaye ne manya-manya a jibge, kana iya gane wanda ya yi sayayya. Namu sabon abin kukar girki ce mai gas, da obin na gashi a ƙasanta, ƙofarsa ta gilashi, har da ɗan ƙwan fitila a ciki.

Mahaifiyata a wata ma'aikatar tarayya take aiki. Digiri biyu gare ta, da kanta take tuƙa mota, in tana Turanci a waya sai ka ji namiji a can yana ta "yes ma". Amma a kaina ba ta da bambanci da matan ƙauyen uwarta. Kunyar ɗan fari ta riƙe da hannu bibbiyu. Ba ta kama sunana, ba ta haɗa ido da ni, in na zauna a kujera ba ta zama ta kusa. Baba yakan tsokane ta ya ce, "Duk bokon nan bai wanke wannan ba?" Sai ta ce, "Haka na tarar ana yi," ta ci gaba da abin da take yi.

Ƙannena biyu ne, namiji da autarmu mace. Su "Momi" suke ce mata, su hau jikinta, su ja mata ɗankwali, ta bi su da gudu har ɗaki. Ni ba ni da abin da nake kiranta da shi. In ina son wani abu sai in tsaya a bakin ƙofa har ta lura akwai mutum. Ban ji haushi ba a lokacin, in faɗi gaskiya. Ban ji daɗi ba kuma. Ina tashi, in yi salla, in je makaranta, in dawo, in ci abin da aka ba ni. Ko a jikina, wai an tsikari kakkausa.

Asabar ce ranar kek. Da an karya kumallo sai ta ɗaura zani a kan doguwar riga ta jero kaya a teburin kicin: fulawa, bota, sukari, ƙwai, madara, bekin foda, da gwangwanin garin cakulan, gari mai duhu wanda in ka lasa shi haka nan ɗaci ne zalla. Wata maƙwabciyarmu Bayarabiya da ke hawan ƙasa ce ta koya mata, amma tuni ɗaliba ta wuce malama. Komai da awo take yi. Tana da kofunan awo, da wasu cokula a sarƙe kamar mukullai, in ta cika kofi sai ta shafe samansa da bayan wuƙa. Ni da na tashi a hannun Inna, mai watsa gishiri a miya tana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai abin ya riƙa yi mini kamar aikin ɗakin magani.

Da farko ban shiga ba. Ina falo ina jin ƙarar injin da take buga bota da sukari da shi. Wata Asabar tana tsakiyar bugawa aka ɗauke wuta. Injin ya yi ɗif. Na ji ta yi tsaki, abin da ba ta cika yi ba, na tashi na tsaya a bakin ƙofa. Ta kalli robar kwaɓin, ta kalli bango, ta ce wa bangon, "Da akwai mai hannu da an ƙarasa."

Na wanke hannu na ɗauki muciya. Wanda ya saba da tuwon dawa na mutum goma, bota da sukari wasa ne a wurinsa. Na buga har suka yi fari suka yi laushi, suka tashi kamar an hura musu iska. Ta leƙa robar, ba ni ta leƙa ba, ta ce, "To."

Daga ranar injin ya koma kwalinsa. Ko da wuta ko babu, in Asabar ta zo zan tarar da roba da muciya a gefen teburin da nake tsayawa. Ba wanda ya ce in zo, ba wanda ya ce kada in zo.

Haka muke aiki, kafaɗa kusa da kafaɗa, ita tana magana da iska. A tankaɗe fulawa da garin cakulan tare, a maimaita. A fasa ƙwai a kofi tukuna, kada ɓatacce ya lalata kwaɓi. In an zuba fulawa a daina bugu, a riƙa juyawa a hankali. In auta tana kusa sai ta zama 'yar aike. "Ki ce wa yayarki ta shafa bota a gwangwani ta barbaɗa fulawa." Auta kuwa ta ɗauki aikin da muhimmanci. Sai ta juyo, ga ni ga ta, ta riƙe ƙugu ta ce, "Yaya, Momi ta ce ki shafa bota," kamar daga wani gari ta kawo saƙon. Wani lokaci har ta ƙara nata, wai Momi ta ce a ba ta muciya ta lashe.

Ba kek kaɗai take yi ba. Akwai wani mai danƙo da ba ya tashi sosai, wanda take yankawa murabba'i-murabba'i, yaran suna ce masa brownies. Akwai biskit mai gutsattsarin cakulan a ciki, wanda ba ya kai yamma saboda ƙanena. In tana jin nishaɗi sai ta karya cakulan a kwano, ta ɗora a kan tukunyar ruwan zafi, ta sa bota kaɗan, ya narke yana sheƙi, ta kwarara a kan kek ya gangaro ta gefe. Ƙamshin yakan bi matakala har ƙasa. Ranar Asabar yaran benenmu sukan tuna suna da aboki a gidanmu.

Ni wurin da na fi so shi ne bayan an rufe obin. Sai in jawo 'yar kujera in zauna gaban gilashin. Kwaɓin yana kumbura a hankali, gefensa ya kama, samansa ya ɗan tsage. Ina iya zama haka har a gama ban tuna komai ba, ba Inna, ba Zariya, ba hutun da ke zuwa, kuma abin da nake nema ke nan. In lokaci ya yi sai ta soka tsinke a tsakiya ta zaro ta duba. In ya fito fes, an gama.

Wajen rabo ita ke yankawa. Ta miƙa wa Baba, ta miƙa wa yara a hannu. Nawa ba a miƙo mini. Zan same shi a faranti a kan firij, an kifa wani farantin a kai. Kullum na gefe ne, wurin da ya ɗan kama gwangwani ya yi ƙanzo. Ni kuwa tun gidan Inna mayyar ƙanzo ce, kuma akwai ranar da na tsaya ina kankare gwangwani da cokali ina ci ta shigo ta same ni. To ko lura ta yi, ko kuwa shi ne ragowar da yara ba sa so, ban sani ba. Na juya abin a raina har na gaji na bari. Su suna ta santi, ni ina taunawa in haɗiye.

Wata Asabar maƙwabciyar nan ta hawo aron gwangwani, ta same ni ina bugu. Mace ce mai fara'a, muryarta tana riga ta shiga ɗaki. Ta tsaya tana kallon hannuna ta ce, "Madam, wannan yarinya yana da ƙarfi o! Ina ka samo shi? Ni ma ina neman house girl, wanda ba ya sata, ba ya yawo."

Mahaifiyata tana yanka takardar da ake shimfiɗawa a gindin gwangwani. Almakashin ya tsaya. Kalma ɗaya ce za ta faɗa, kuma na ga bakinta ya motsa. Sai ta ce, "'Yar Inna ce, daga Zariya."

"Ah, to in akwai ƙaninsa a kawo min."

Mahaifiyata ta yi 'yar dariyar da ba ta wuce maƙogwaro ba, ta miƙa mata gwangwanin. Ni ban daina bugu ba. Botar ma ta riga ta yi, na ci gaba da bugawa don ban san me zan yi da hannuna ba.

Washegari matar ta tare ni a matakala, har da ɗan rusunawa. Ashe ƙanena ya gaya wa ɗanta cewa ni yayarsa ce. Ta kama hannuna ta ce, "Sorry o, my daughter, wallahi ban sani ba. Amma why? A wurinmu first born, da sunansa ake kiran uwa. Ni ba wanda ya san sunana a gidan nan, sunan ɗana ake kira na." Na ce mata ba komai, al'ada ce. Ta girgiza kai ta ce wannan al'ada yana da wahala. Na hau sama ina gwada abin a raina, a ce an tsaya a ƙasan bene ana ƙwala wa mahaifiyata kira da sunana, ita kuma ta leƙo ta amsa. Ya ba ni dariya, sai kuma ya daina ba ni.

Ina jin daga nan ne na fara sanin ina son wani abu. Ba Abuja nake so ba. Garin bai dame ni ba, tituna ne masu faɗi da ba kowa a kansu, maƙwabci bai san an yi haihuwa a gidan maƙwabci ba sai ya ga rago. Ba kek nake so ba, ba makarantar ba. So nake in Gwaggo ta zo, mahaifiyata ta ce kada a tafi da ni. Ko da daga baya za a fi ƙarfinta a tafi da ni ɗin, in dai na ji ta faɗa.

Amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Miskilancin da take da shi ni ma ban bar mata ba. Baba ya taɓa tambayata a mota, yana kallon hanya, "Tsakanin nan da Zariya ina kika fi so?" Na ce, "Duk ɗaya ne, Baba." A gidan Inna yaro ba ya zaɓe, kuma wanda ya ce ya fi son gidan uwarsa ya zagi waɗanda suka riƙe shi. Baba ya ce to, ya ƙara sautin rediyo.

Hutu ya zo, Gwaggo ta zo. Ranar Juma'a ta iso a motar mijinta da direba, da daddawa da kuka da man shanu. Asabar muka yi kek kamar kullum, sai dai wannan an kwarara masa narkakken cakulan saboda baƙuwa. Bayan la'asar aka kai falo. Gwaggo ta juya yankan a faranti tana dubawa ta ce, "Wannan abu baƙi haka, ba ƙonewa ya yi ba?" Baba ya ce haka kalarsa take. Ta gutsura da tsoro, ta cinye, ta ce a ƙaro mata kaɗan ta tabbatar.

Ni ina kicin ina wanke gwangwanaye, ƙofa a buɗe. Na ji an kori yara waje, na san an zo wurin.

Gwaggo ta yi gyaran murya ta ce, "To, maganar 'yar Inna. Amana ce Inna ta bari, ni ce kuma a madadinta yanzu. In kun yarda, sai in tafi da ita."

Baba ya ce, "Yaya, ai ke ce babba. Abin da kika yanke shi za a yi. Sai dai ko uwarta tana da magana."

Na kashe famfo. Na kasa kunne.

"Haba Yaya," in ji mahaifiyata. Muryarta lafiya lau. "Ai taku ce. Ni mene ne nawa a ciki?"

Amsar da ta dace ke nan. Ko Inna ce ta ji da ta ce wannan 'yar mutunci ce, ta san kara. Gwaggo ta gyara zama, sannan ta ce, "To, madalla. Allah ya yi albarka." Aka kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofa da kumfa a hannuna. Gwaggo ta ce, "Kin ji abin da aka ce?" Na ce na ji. Ta ce, "Za ki bi ni?" Na ce, "To."

Na koma na kunna famfo. Akwai gwangwanin da cakulan ya kama a kusurwarsa, na tsaya na goge shi sosai har ya fita. Na ɗauka zan ji wani abu ya tsinke a ƙirjina, amma ba abin da ya tsinke. Na kife kwanuka, na share kicin, na je na fara ninke kaya.

Washegari Lahadi, ba ranar kek ba ce, amma ana idar da sallar asuba na ji motsi a kicin. Ba a ajiye mini roba ba, ba a aiko auta ba. Ina ɗaki ina cusa littattafai a jaka ina jin muciya tana bugun roba, a hankali, ta tsaya, ta ci gaba. Hannunta bai saba ba. Na yi kamar in je in karɓa, sai na zauna a bakin gado har ƙamshi ya shigo.

Gwaggo tana son a kama hanya kafin rana ta yi zafi, don haka ana fitar da kek daga obin aka juye shi a kwanon silba aka rufe. Auta ce ta kawo mini, tana riƙe da shi da tsumma, tana kuka tana cewa Momi ta ce in riƙe a cinya kada ya kife. Baba da ƙanena suka sauka da jakunkuna. Na tsaya a bakin ƙofar kicin. Ta ba ni baya tana wanke roba.

Na ce, "Za mu tafi."

Ta ce, "To. Allah ya kiyaye hanya. A gaida mutanen gida."

Ba ta juyo ba, ban kuma yi zaton za ta juyo ba. Na sauka.

Muka shiga mota muka fita daga gari. Ni da Gwaggo muna baya, kwanon yana cinyata, zafinsa yana ratsa zani. A Zuba ta ce a tsaya a sayi tsaraba. Direba ya faka a gefen titi ya fita cinikin ayaba da abarba, masu talla suka yanyame motar, sai ta ɗaga gilashi. Ta zauna tana kallon gabanta, ta yi ajiyar zuciya.

Ta ce, "Ni fa ban zaci haka za ta kasance ba."

Na kalle ta.

"Gidana kin san shi. Yara sun cika ɗaki, ga 'ya'yan ƙanin mijina an kawo. Tambaya na yi don kada a ce uwa ta mutu na yar da amanarta. Na ce babanki zai kawo maganar makaranta. Ko uwarki, tunda 'yar boko ce, ta ce a'a, in ɗan yi fushin ƙarya in haƙura, kowa ya fita kunya. Sai wannan ya ce to, wannan ta ce to. Na ce bari in tambayi yarinyar, ita ma to." Ta juyo ta dafa gwiwata. "Ba wai ba na son ki ba ne, kin ji ko?"

Na ce, "Na sani, Gwaggo."

"Jiya ban runtsa ba. Na ga idon matar nan da safe, ita ma ba ta runtsa ba. Wai mu wane irin mutane ne?"

Sai ta buɗe jaka ta fito da wayar da Baba ya saya mata, a naɗe cikin hankici. Ba ta iya kira da ita ba, amsawa kawai take yi. Ta sauke gilashi ta ƙwala wa direba kira, ya zo da abarba a hannu. Ta ce, "Kira mini matar ƙanena." Ya danna ya miƙa mata. Ta kara a kunne tana ɗaga murya kamar Garki za ta jiyo ta ba waya.

"Ni ce. Lafiya lau, ba abin da ya faru. Ga 'yarki, ku yi magana. Mu dai ba mu yi nisa ba."

Ta toshe bakin wayar da tafin hannu ta ce mini ƙasa-ƙasa, "In ta ce a juya, wallahi juyawa za mu yi. Kalma ɗaya." Ta manna mini wayar a kunne.

Ban taɓa magana da mahaifiyata a waya ba. Na yi sallama, ta amsa. Muryar ta zo kusa, kusa fiye da yadda ta taɓa zuwa.

Ta ce, "An kai ina?"

Na ce, "Zuba."

Ina jin numfashinta. A bayanta ina jin auta tana tambaya wane ne. A nan kuma manyan motoci suna ta hon, wani yana buga gilashi da lemo. Ba kowa a tsakaninmu, ba baƙo, ba suruki, ba wanda zai ji abin da za ta faɗa sai ni. Zuciyata ta fara bugawa, abin da rabon da in ji tun kafin rasuwar Inna. Na matse wayar da hannu biyu, ina roƙon Allah a raina ta faɗa.

Ta ja numfashi ta ce, "Kek ɗin nan da zafinsa aka rufe shi. A buɗe murfin ya sha iska. In ba haka ba gumi zai yi, ya lalace kafin a isa."

Na ce, "To."

Ba ta kashe ba, ni ma ban kashe ba. Na ji ta sake jan numfashi kamar mai shirin magana, numfashin ya sarƙe a hanya. Na jira. Ita ma ina jin jira take yi. Can ta ce, "Allah ya tsare," wayar ta ɗauke.

Gwaggo ta matso, direba yana tsaye da mukulli a hannu. "Me ta ce? A juya?"

Na ce, "Ta ce a buɗe murfin kek, kada ya yi gumi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta karɓi wayar ta naɗe ta a hankici, ta ce wa direba, "To, mu je."

Daga nan ban sake zama gidan Garki ba sai dai in zo hutu, amma a lokacin ban san haka ba. Abin da na sani shi ne an ce a buɗe murfi. Mota ta hau titin Kaduna, na ɗaga shi. Tururi ya bugi fuskata, ruwa ya riga ya taru a cikin murfin yana ɗiga a kan kek ɗin. Na goge murfin da gefen mayafina, na riƙe kwanon a buɗe har Zariya.